Telan da Ke Cikin Ganyen Gero

A ƙarshen watan Afrilu, idan rana ta take tsaka a Tudun Wadar Gusau, inuwar mutum kan tattare ta koma ƙarƙashin ƙafarsa. Garin yana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka sau biyu a shekara rana ke tsayawa daidai bisa kansa: wajen 22 ga Afrilu, cikin tsananin bazara, da kuma wajen 21 ga Agusta, lokacin da damina ta kankama. Ta Afrilu kowa ya san ta. Mai shago ya ja kujera cikin rumfa, ɗan kabu-kabu ya nemi gindin dogonyaro, akuya ta lafe a jikin katanga. Ta Agusta ba a cika kula da ita ba saboda hadari da sanyin iska, amma ita ce ke tarar da gero da dawa tsaye a gonakin Tsafe da Bungudu, ganye a shimfiɗe, ba su da rumfar da za su shiga.

Zafin da fata ke ji daban, abin da ke yin ɓarna daban. A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, ana kiransa UV. Mafi muninsa iskar ozon da ke can sama tana tare shi, sauran yana sauka ƙasa, ya ratsa fatar ganye da ta mutum, ya kai ga DNA.

DNA dogon zare ne mai tufka biyu kamar igiyar rama, kuma a jikinsa aka rubuta umarnin gina kowane abu mai rai, da haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. A cikin ƙwayar halitta guda ta jikin mutum akwai kimanin mita biyu na wannan zare a naɗe. Tsarinsa shi ne kowane A na tufka ɗaya yana riƙe da T na ɗaya tufkar, kowane G yana riƙe da C. Inda T biyu suka yi maƙwabtaka a tufka ɗaya, nan UV ke samun shiga. Da ya faɗa musu sai su manne da juna da ƙulli biyu, su yi wata 'yar murabba'i ta zarrar kabon guda huɗu, zaren ya karkace a wurin. Duk wanda ya taɓa ganin keken ɗinki ya haɗa da gefen rigar da ba a nufa ba, ya san irin wannan ɓarnar: yadin bai yage ba, amma rigar ba za ta sawu ba sai an farke. Idan ƙwayar halitta ta zo kwafar DNA ɗinta ta tarar da wannan ƙulli, ko dai aikin ya tsaya cak, ko ta karanta ba daidai ba. A tsiro abin kan zama tsumburewa da ƙarancin yabanya. A fatar mutum, tarin irin waɗannan kurakurai ne ke zama sankara.

To, me ya hana geron Bungudu ƙonewa tun yana huda?

Amsar ta faro ne daga wata taga. A ƙarshen shekarun 1940, wani masani mai suna Albert Kelner yana aiki a ɗakin bincike na Cold Spring Harbor a Amurka. Yana haska wasu bakteriya da fitilar UV don ya ga nawa za su rayu, sai lissafi ya ƙi zama: yau su mutu kusan duka, gobe da irin hasken da ya ba su jiya ya ga sun farfaɗo da yawa. Ya zargi zafi, ya zargi sanyi. Daga baya ya lura cewa waɗanda ke farfaɗowa su ne waɗanda ya ajiye a wani mazubi mai gilashi kusa da taga, inda hasken rana ke samunsu. Ya buga sakamakon a 1949, kuma a shekarar Renato Dulbecco ya ci karo da irin wannan abu a nasa binciken. Haske ya kashe, haske ya tayar. A 1958 Claud Rupert da abokan aikinsa suka nuna cewa wani enzayim ne ke wannan aiki, wato ɗaya daga furotin ɗin da ke gudanar da ayyukan sinadarai a jikin mai rai. Shi ne daga baya aka raɗa wa suna fotolayes, mai farkewa da haske.

Wanda ya ba wannan enzayim rayuwarsa shi ne Aziz Sancar, ɗan garin Savur a lardin Mardin na Turkiyya, wanda aka haifa a 1946, na bakwai cikin 'ya'ya takwas, ga iyayen da ba su yi karatun boko ba. Ya yi karatun likita a Istanbul, ya koma yankinsu ya duba marasa lafiya na wani ɗan lokaci, sannan ya tafi Dallas a Amurka ya zama ɗalibin Rupert. A can ya ware ƙwayar gadon da ke samar da fotolayes, abin da ya ba da damar a samar da shi da yawa a yi nazarinsa. A 2015 ya karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai tare da Tomas Lindahl da Paul Modrich, saboda aikinsu kan yadda DNA ke gyaruwa.

Abin da aka tattaro cikin waɗannan shekaru shi ne, fotolayes yana bin zaren DNA yana laluben inda ya karkace. Idan ya samu, sai ya juyo da T biyun da suka manne daga cikin tufkar, ya cusa su cikin wani ɗan aljihu a jikinsa. Wannan duk yana iya yinsa cikin duhu. A ƙasan aljihun akwai wani ƙaramin sinadari mai suna FAD, wanda ake ginawa daga bitamin B2. Nan zai zauna riƙe da ɓarnar yana jira. Da shuɗin haske ya sauka a kan FAD, sai ya harba elektiron guda zuwa ga T biyun, ƙullin ya tsinke, elektiron ya dawo gida, enzayim ya saki zaren ya nemi wani wurin. Bai yanke komai ba, bai sa sabon ƙyalle ba, bai ci wani abu daga jikin tsiron ba. Rana ce ta biya kuɗin aikin, ita da ta yi ɓarnar.

Gero yana da shi, dawa da shinkafa suna da shi, haka kifin da ke gulbin da ya ratsa Gusau da kwaɗin da ke kuka a bakinsa. Har dabbar kangaru ta Ostareliya tana da shi. Akuyar da ke cin ganyen kuwa ba ta da shi, haka tunkiya da saniya da raƙumi da mai kiwonsu. Duk dabbar da ke rainon ɗanta a ciki ta hanyar mabiyiya ta rasa wannan enzayim tun zamani mai nisa. Wasu masana na hasashen cewa kakannin waɗannan dabbobi sun daɗe suna rayuwar dare, har abin ya zama ba shi da amfani gare su. Abin da ya saura a jikin mutum danginsa ne da ake kira kiriftokurom, waɗanda suka bar sana'ar gyara suka koma aikin agogon jiki, mai tsara barci da farkawa. Mutum yana gyara tasa ɓarnar ta doguwar hanya: tarin furotin su taru su yanke wajen haruffa talatin da ke kewaye da ƙullin, su zubar, su sake rubuta wurin. Sancar ɗin dai shi ya fayyace yadda wannan yankan ke gudana.

Duk wannan an san shi ne kamar yadda ake sanin abin da ke faruwa a shagon tela ta hanyar ganin yadi ya shiga, riga ta fito. Ganin hannun telan yana aiki wani abu ne daban.

Hanyar da aka daɗe ana bi don ganin surar furotin ita ce a mai da shi kiristal. Wanda ya taɓa riƙe gutsuren alif ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta, ko ya dubi ƙwayar gishiri da kyau, ya ga kiristal: abu ne da ƙananan ɓangarorinsa suka jeru sahu-sahu cikin tsari ɗaya. Idan aka haska shi da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, hasken kan watse ya bar ɗige-ɗige a kan allo, kuma daga inda ɗigon suka faɗi da ƙarfinsu ake lissafa mazaunin kowace zarra. Max von Laue ya gano haka a 1912, William Bragg da ɗansa Lawrence suka mai da shi hanyar aiki. Watsuwar eksire ce ta ba da hoton da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a 1952, wanda ya taimaka aka gane tufkar DNA a shekarar da ta biyo. A 1995 Sancar da Johann Deisenhofer da abokan aikinsu suka fitar da surar fotolayes ta farko, aka ga aljihun, aka ga FAD a lanƙwashe a ƙasansa.

A 2004 wasu masana a Jamus suka yi nasarar daskarar da enzayim ɗin yana riƙe da DNA mai ƙulli, suka kai shi gaban eksire don su ga ɓarnar a cikin aljihu. Da hoton ya fito sai suka tarar ƙullin ya riga ya farke. Hasken eksiren da suke ɗaukar hoto da shi ne ya sa aikin ya gudana kafin su gama. Sun je kallon ɗinki, suka tarar da riga a rataye.

Matsalar ta sauri ce, kuma sai an ɗan tsaya a kan lissafin kafin a gane girmanta. Idan aka raba daƙiƙa gida miliyan, kowane kashi shi ne maikurosakan. A raba wannan gida dubu a samu nanosakan, wanda a cikinsa haske kansa ba ya wuce tafiyar santimita 30, tsawon rular ɗan firamare. A sake rabawa gida dubu a samu fikosakan, a sake a samu femtosakan. Matsayin femtosakan a wurin daƙiƙa ɗaya kamar matsayin daƙiƙa ɗaya ne a cikin shekara miliyan 32. Wani bincike na 2007 ya nuna cewa mannewar T biyu tana kammala cikin kimanin fikosakan ɗaya. Farkewarta kuma a kusa da nanosakan take. Hoton kiristal na gargajiya kuwa yana cin daƙiƙoƙi ko mintoci.

Bamisire Ahmed Zewail, sa'an haihuwar Sancar, shi ya buɗe ƙofar auna abubuwa a femtosakan da walƙiyar lesa, ya kuma karɓi Nobel a kan haka a 1999. Ɗalibinsa Dongping Zhong, a Jami'ar Jihar Ohio, ya ɗauki wannan fasaha ya ɗora a kan fotolayes tare da Sancar, suka auna lokacin da elektiron ke fita da lokacin da yake dawowa, suka kuma nuna cewa ƙullin biyu ɗaya bayan ɗaya suke tsinkewa. Aiki ne mai kyau, sai dai abin da yake aunawa sauyin launin haske ne. Kamar mai saurare ta bayan ƙyaure ne: yana jin ƙarar almakashi, yana iya faɗin lokacin da aka yanka, amma bai ga inda hannu ya bi ba.

Na'urar da ta buɗe ƙyauren sunanta lesar eksire, XFEL a taƙaice. Ana tura elektiron cikin dogon rami a miƙe har su kusa gudun haske, a bi da su tsakanin jerin maganaɗisu masu sa su yi ta kaɗawa hagu da dama, su riƙa fitar da walƙiyar eksire mai tsananin ƙarfi wadda ba ta wuce 'yan femtosakan. Ta farko mai ƙarfin ganin mazaunin zarra ta fara aiki a Kalifoniya a 2009. Ta Jafan mai suna SACLA ta biyo baya, sannan Koriya ta Kudu, da SwissFEL ta Suwizalan mai tsawon mita 740, da ta Turai a Hambug wadda aka buɗe a 2017, mai tsawon kilomita 3.4, da ta ci sama da Yuro biliyan ɗaya. Ƙarfin walƙiyar ya kai duk kiristal ɗin da ta taɓa sai ya tarwatse. Dabarar ita ce hasken ya riga ɓarnar gudu: kafin zarra su motsa daga mazauninsu, hoton ya riga ya isa allo. An yi hasashen haka a takarda a 2000, aka tabbatar da shi a kan furotin a 2011.

Tunda kowane kiristal hoto ɗaya yake bayarwa ya mutu, ana buƙatar dubbansu, ƙanana ƙwarai. Ana cuɗa su cikin wani abu mai kauri, a riƙa matso shi siriri kamar man goge baki, yana ratsawa ta gaban hasken. Nan ne maganar lokaci ta shigo. Kafin eksire ta sauka a kan kiristal, sai a fara haska shi da shuɗiyar lesa, wadda ita ce ranar da fotolayes ke jira. Daga nan a jinkirta daidai gwargwadon da aka zaɓa, fikosakan uku ko nanosakan goma ko maikurosakan ɗari, sannan a harba eksire. A tara dubban hotuna na wannan jinkiri, kwamfuta ta haɗa su su zama sura guda. A sauya jinkirin a sake.

A ɗauka ana son fim ɗin yadda ake daka, amma kyamarar da ake da ita hoto ɗaya take iya yi wa kowace mace. Sai a tara mata dubu kowace da turminta, a ce da an buga ganga kowa ta ɗaga taɓarya. Wasu a ɗauke su taɓarya na barin turmi, wasu tana sama, wasu tana saukowa. A jera hotunan, a samu daka cikakke, ko da yake babu mace ɗaya da aka gani daga farko har ƙarshe. Abin da ya sa fotolayes ya dace da wannan hanya shi ne yana da gangarsa: haske. Yawancin enzayim sai an zuba musu abin da za su sarrafa, kuma kafin ya ratsa cikin kiristal wasu sun fara wasu ba su fara ba, hoto ya dagule. Shi kuwa yana zaune da ɓarnar a aljihu cikin duhu, walƙiya ɗaya ta tashe su gaba ɗaya.

A farkon Disambar 2023 mujallar Science ta buga rahotanni biyu a fitowa ɗaya, daga ƙungiyoyi biyu da kowace ta yi aikinta daban. Ɗaya ta Manuel Maestre-Reyna da Ming-Daw Tsai ce ta cibiyar Academia Sinica a Taiwan, tare da abokan aiki a Jafan da Jamus. Ɗayar ta Nina-Eleni Christou da Thomas Lane ce ta cibiyar DESY a Hambug, waɗanda suka ɗauki hotunansu a SwissFEL. Dukansu fotolayes ɗin wata ƙaramar halitta suka yi amfani da shi, Methanosarcina mazei, mai zama cikin laka da dagwalo inda babu iskar oksijin. Aikin ma sai da aka yi shi a killace daga iska da haske, domin oksijin na kashe kaifin FAD, haske kuma zai sa a maimaita abin da ya faru a 2004.

Ƙungiyar Hambug ta kama FAD fikosakan uku bayan walƙiya, ta gan shi ya lanƙwashe ƙwarai kamar malam-buɗe-littafi ya naɗe fikafikai, furotin ɗin kuma yana riƙe da shi a haka har ya harba elektiron. Sannan aka ga abin da Zhong ya jiyo ta bayan ƙyaure: akwai lokacin da ƙulli ɗaya ya tsinke, ɗayan yana nan, T biyun suna rataye da juna ta gefe guda. Ƙungiyar Taiwan ta jera hotuna 18, daga tsinkewar ƙullin tsakanin fikosakan da nanosakan, zuwa komawar sassan enzayim mazauninsu a nanosakan 500, zuwa juyawar haruffan suna komawa cikin tufka tsakanin maikurosakan 25 da 200.

Waɗannan alƙaluma na ƙarshe su ne suka fi cancantar a dube su. A miƙe lokacin, a ce nanosakan ɗaya daƙiƙa ɗaya ce. Farke ɗinkin ya ƙare cikin daƙiƙa ɗaya ko 'yan kaɗan. Tela ya mai da kayan aikinsa wurinsu cikin minti takwas da ɗoriya. Fitar da rigar daga shago kuwa ba ta soma ba sai bayan kusan awa bakwai, kuma tana iya kaiwa fiye da kwana biyu. Shekara da shekaru hankalin masana yana kan tsinkewar ƙulli, ga shi ita ce mafi ƙanƙantar kashi na aikin. Ƙungiyar Lane ta kuma ga dalilin sakin. Aljihun an yi shi ne daidai da T biyu a manne. Da suka rabu sai suka buɗe, wurin ya yi musu kaɗan, riƙon da enzayim ya yi musu ya kwance, suka fita ɗaya bayan ɗaya, na gefen da masana ke kira 3′ a gaba. Wato gyaran da kansa ne ke korar abin da aka gyara, ba sai wani ya zo ya buɗe ƙofa ba.

Ya kamata a yi hattara da kalmar fim da jaridu suka yi ta yayatawa. Hotuna 18 a tsakanin fikosakan da maikurosakan ɗaruruwa kamar a ɗauki hoton yaro ne sau 18 daga suna zuwa furfura. Abin da ke tsakani cikewa ake yi da hankali. Kiristal kuma ba ƙwayar halitta ba ne. A cikinsa enzayim a matse yake tsakanin 'yan'uwansa, DNA ɗin guntu ne, don haka lokacin da sakin ke ɗauka a can yana iya bambanta da na cikin ganye. A kowace walƙiya ma wani kashi ne kawai na enzayim ɗin ke tashi, sai an cire hoton waɗanda ba su motsa ba ta hanyar lissafi. Akwai kuma muhawarar da ta daɗe a wannan fanni kan ƙarfin lesar da ake amfani da ita, wadda kan fi hasken rana nesa ba kusa ba, har ana tsoron ta sa furotin ya yi motsin da ba ya yi a waje. Abin da ya ba sakamakon 2023 nauyi shi ne ƙungiyoyi biyu sun bi hanya kowace da ƙafarta sun iso wuri ɗaya a kan manyan matakan, kuma abin da suka gani ya yi daidai da abin da aka auna da wata hanyar tun da farko.

Mai karatu a Gusau yana da haƙƙin tambayar abin da wannan zai ƙara masa. Magani dai ba zai fito daga ciki gobe ba. Amma akwai wurare uku ko huɗu da maganar ta taɓa gida.

Baƙar fata tana ɗauke da sinadarin melanin mai tare yawancin UV kafin ya kai ga DNA, shi ya sa sankarar fata da rana ke jawowa ba ta yawaita a tsakanin baƙaƙe. Zabiya ba shi da wannan garkuwa. Hanyar gyaransa ta yankan haruffa talatin lafiyarta lau, ɓarnar ce ke zuwa fiye da yadda za ta iya ɗauka, kuma a ƙasashen Afirka masu rana irin tamu sankarar fata na kama zabiya da yawa tun suna matasa. Wannan ya bambanta da wata cutar gado da ba a cika samu ba, wadda James Cleaver ya gano a 1968 cewa masu ita hanyar gyaran ce ta lalace musu, har rana kaɗan ke illata su. Gidauniyar zabiya da Jake Epelle ya kafa a Nijeriya a 2006 ta daɗe tana kira a kan man kariya da duba fata, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 13 ga Yuni don wayar da kai a kan lamarin. Tun a 2000 wasu masana a Jamus suka shafa wa fatar mutane fotolayes da aka ciro daga gansakukar ruwa, aka haska, aka ga ƙullin T ya ragu. Yanzu akwai mayukan shafawa masu ɗauke da shi a kasuwannin Turai. Suna da tsada, kuma ragi suke yi, ba su maye gurbin inuwa ba. Ga yaro zabiya a Tudun Wada, malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu da kujerar aji nesa da taga sun fi kusa da hannu.

Masu sarrafa ruwan leda da yawa suna bi da ruwan ta gaban fitilar UV don kashe ƙwayoyin cuta, kuma abin da fitilar ke yi shi ne cika DNA ɗin bakteriya da wannan ƙulli na T. Injiniyoyin ruwa sun daɗe da sanin cewa idan hasken fitilar bai kai ƙarfi ba, bakteriya irin su E. coli na iya farfaɗowa da sun samu hasken rana. Tagar Kelner ce ta sake dawowa. Fitilar da ta tsufa ko ta yi datti tana iya sumar da ƙwayar cuta kawai, rana ta tashe ta a bayan mota.

Sai batun na'ura. Nahiyar Afirka ba ta da XFEL, ba ta ma da sinkurotiron, babbar na'urar eksire mai zagaye da sauran nahiyoyin da mutane ke zaune suke da ita. An yi taron farko na neman gina ta a Afirka a 2015, a garin Grenoble na Faransa, a harabar irin na'urar da ake fatan samu. Gabas ta Tsakiya ta buɗe tata mai suna SESAME a Jodan a 2017, da haɗin gwiwar ƙasashen da ba su cika zama inuwa ɗaya ba. Sai dai sakamakon irin wannan aiki ba a kulle yake ba. Surorin furotin da aka fitar ana ajiye su a rumbun Protein Data Bank, wanda aka kafa a 1971, yake kuma ɗauke da sura sama da 200,000 kyauta a intanet. Ɗalibin kimiyyar sinadaran jiki a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, yana iya sauke hotunan 2023 a kwamfutarsa ya juya su yadda ya so, idan wuta da data sun yarda.

Wurin da ya fi kusa da manomi shi ne shinkafa. Masana a Jami'ar Tohoku ta Jafan, ciki har da Jun Hidema, sun lura cewa irin shinkafarsu mai suna Sasanishiki yana jure UV, wani irin mai suna Norin 1 kuwa yana jigata. Da suka bi diddigi sai suka tarar bambancin tubali ɗaya ne a jikin fotolayes, wanda ya sa na Norin 1 ba ya kama DNA mai ƙulli da ƙarfi. Da suka ƙara wa shinkafa yawan enzayim ɗin, juriyarta ta ƙaru. A 2020 wani ɗalibinsu ɗan Tanzaniya, Gideon Mmbando, ya gwada ire-iren shinkafar Afirka, har da Oryza glaberrima, tsohuwar shinkafar da mutanen fadamun kogin Neja a Mali ta yau suka fara nomawa shekaru dubbai da suka wuce. Hankali zai ce wadda ta tashi a ranar Afirka ita za ta fi juriya. Akasin haka aka samu: yawancin waɗanda aka gwada sun fi na Asiya saurin jigata, kuma an danganta hakan da irin fotolayes ɗinsu da yawansa. A ƙarƙashin fitila aka yi gwajin, a ɗakin bincike, ba a fadama ba, kuma tsiro yana da wasu dabarun kare kansa a gona. Duk da haka ya nuna wa masu inganta iri wata ƙwayar gado guda da za su iya dubawa.

Fotolayes kashi-kashi ne, kuma wanda aka ɗauka a fim ɗin 2023 ɗan rukuni na biyu ne, rukunin da na tsirrai ke ciki. An fitar da surar na shinkafa tun 2012. Aljihun da aka ga T biyu suna fita daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya a Suwizalan da Jafan, irinsa ne ke cikin ganyen shinkafar da ke fadamun Zamfara a watan Agusta.